Kalmar "A Yi" Ce Ta Kusa Kayar da Mu

Saura mako 3 mu miƙa rahoton wani aikin rukuni da aka ba mu a jami'a, bincike da muka yi ta hanyar raba wa ɗalibai takardun tambayoyi, na rubuta saƙo a zaurenmu na WhatsApp: "Don Allah a yi ƙoƙari a haɗa sakamakon tambayoyin nan kafin Alhamis." Mu 5 ne a rukunin. Duka huɗun suka karanta. Biyu suka ce "to, madalla", ɗaya ya ce "ba matsala", na huɗun bai ce uffan ba. Alhamis ta zo ta wuce, babu wanda ya taɓa takardun. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kai ƙara wurin malamar da ke koya mana kwas ɗin, wato kwas na sadarwa a wurin aiki, wanda aka wajabta mana a shekara ta uku. Na miƙa mata wayata don ta ga hujja da idonta. Ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "To, ɗana, wa ka ce ya haɗa?" Na ce, "Malama, ai na ce a haɗa." Ta ce, "Na gani. Nuna mini sunan wanda ka ɗora wa." Na sake karanta saƙon sau biyu. Babu sunan kowa a ciki, har nawa.

Tun daga ranar nake jin kalmomin nan da wani kunne daban: a yi, a duba, a tura, za a gyara. Suna da taushi, suna da ladabi, ba sa nuna kowa da yatsa, shi ya sa muke son su. Amma idan aiki ake yi, su ne mafakar kowa. Wanda ya faɗa ya sauke nauyi daga kansa, waɗanda suka ji kuwa babu wanda ya ɗauka, sai kayan su zauna a ƙasa har ranar da za a neme su.

Maganata ta fi shafar malaman jami'a da masu tsara kwasa-kwasai fiye da ɗalibai. Ina cikin masu ganin bai kamata ɗalibi ya karɓi digiri bai taɓa aiki da wasu ba. Amma yadda ake ba da aikin rukuni a kwasa-kwasai da yawa, a haɗa mutum 5 ko 10, a jefa musu batu, a karɓi rahoto ɗaya a ƙarshen zango, a ba su maki iri ɗaya, wannan ba ya koya wa kowa haɗin kai. Mai son ɓuya ya ƙware a ɓuya, mai ƙoƙari ya ƙware a haɗiye takaici. Kafin kwas ɗin nan na yi aikin rukuni sau 4 a wasu kwasa-kwasan, kuma abin da na tsira da shi kawai shi ne ƙin aiki da mutane.

Malamai na yawan tuna mana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma haka ne. Sai dai hannu goma ma ba sa ɗaukarta idan kowa ya sassauta yana zaton na kusa da shi ya riƙe. An daɗe da auna wannan. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya, ya auna ƙarfin kowa shi kaɗai, sannan ya auna ƙarfinsu idan sun ja tare. Sakamakon da ya wallafa a 1913 ya nuna cewa masu ja na ƙaruwa, rabon kowa na raguwa, har ta kai mutum 8 kusan rabin jimillar ƙarfinsu kawai suke bayarwa. Za a iya cewa ai rashin ja lokaci ɗaya ne ya jawo. To, a 1979 Bibb Latané da abokan aikinsa a Amurka suka bi ta wata hanya. Suka rufe wa ɗalibai ido, suka sa musu abin kunne mai ƙara don kada su ji kowa, suka ce su ƙwala ihu iya ƙarfinsu. Ɗalibin da aka sa ya zaci tare da wasu yake ihu, alhali shi kaɗai ne, sai muryarsa ta sauka. Da suka sake gwaji a 1981, aka shaida wa mahalarta cewa ana auna muryar kowa daban, sai ragin ya gushe.

Waɗannan ɗaliban ba ragwaye aka zaɓo ba, mutane ne kamar ni da kai. Ɗan Adam yana rage himma a inda ya san ba za a gane tasa ba, sau da yawa ma bai san ya rage ba. Maki ɗaya ga mutum 5 igiyar Ringelmann ce sak. Malamin da ya kafa tsari irin wannan, sannan ya dawo yana mamakin lalacewar ɗaliban zamani, tsarinsa ya kamata ya fara dubawa.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce, in kun fara aiki ba ku za ku zaɓi abokan aikinku ba, gara ku saba tun yanzu. Na yi shekaru ina aiki, kuma na ga rabin hujjar ce gaskiya. Ba ka zaɓar abokan aiki, babu musu. Amma a ofis akwai shugaba mai ikon raba aiki, akwai takardar da ta fayyace nauyin kowa, kowa da albashinsa, kuma wanda ya ƙi aiki akwai inda ake kai maganarsa. Rukunin ɗalibai ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sa'annin juna ne, babu mai iko da wani, gobe kuma benci ɗaya za su zauna. An ɗora musu abin da ya fi na ofis wuya, aka bar su hannu rabbana. Akwai kuma dalilin da ba a cika furtawa ba: aji mai ɗalibai 200 idan aka raba shi biyar-biyar, rahoto 40 malami zai duba maimakon 200. Malamin da aiki ya yi wa katutu yana da uzuri, ban ga laifinsa ba. Amma a kira abin da sunansa. Rage wahalar dubawa daban, koyar da aiki tare daban, kuma na biyun yana cin lokaci.

Masu cewa a soke aikin rukuni gaba ɗaya, galibinsu haziƙan da suka sha wuya ne, kuma na taɓa zama cikinsu. Ban yarda da su ba yanzu. Gada, tiyata, jarida, manhajar kwamfuta, babu wanda mutum ɗaya ke gamawa, kuma akwai abin da littafi ba zai koya maka ba sai ka zauna gaban sa'anka kana neman bakin da za ka ce masa aikinsa bai yi ba.

Malamarmu ta ba abin lokaci, ko da yake sai da rikici ya taso. Bayan ƙarar da na kai ba ta tsawata wa kowa ba. Ta zaunar da mu biyar a gabanta, ta ba mu farar takarda ɗaya ta ce mu raba ta gida uku: aiki, suna, rana. Duk aikin da babu suna ɗaya tak a gabansa, in ji ta, ba a ba da shi ba tukuna. Suna biyu ma ba ta yarda ba. Da muka cike, sai ta ce kowa ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta shi ne nauyinsa. Na ga kamar ɓata lokaci ne, tunda ga shi nan a rubuce. Sai da aka zo kan mai shirun nan.

Aikinmu bincike ne kan yadda ɗalibai ke amfani da laburare, tare da shawarwari ga masu kula da shi. Takardun tambayoyi 120 muka raba, mutum biyu kowa ya ɗauki 60. Mai shirun ya ce a fahimtarsa zana jadawali ne nasa, yana jiran alƙaluma. Ya yi jim, sannan ya ce, "Amma Malama, ko an haɗa su ba za su haɗu ba." Ya zaro takardu biyu daga jakarsa ya jera a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan tambaya ta 4. A ɗaya an rubuta "Sau nawa kake zuwa laburare a mako?" A ɗayar kuwa "a wata" ne. An gyara tambayar bayan an buga kashin farko, ba a sanar da wanda ya riga ya buga ba. Da an haɗa yadda na nema, da mun tsaya gaban aji da alƙaluman banza muna bugun ƙirji. Malama ta ce, "Yaushe ka gani?" Ya ce mako biyu ke nan. Ta ce, "Me ya hana ka faɗa?" Ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya ce, "A zaman farko sau biyu ina fara magana ana katse ni. Sai na ce wataƙila sun riga sun sani." Ni na katse shi duka sau biyun, kuma har zuwa lokacin ban ma tuna ba. Dole muka sake buga 60 muka raba cikin kwana 4.

Kada a ɗauka wannan kuskuren 'yan makaranta ne kawai. Irinsa ne ya salwantar da kumbon Mars Climate Orbiter na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a watan Satumba na 1999. Manhajar kamfanin da ya ƙera kumbon tana fitar da alƙaluma da tsohon ma'aunin fam da aka saba da shi a Amurka, masu tuƙa shi daga ƙasa kuwa suna karanta su a matsayin ma'aunin kilo da mita. Kumbon ya kusanci duniyar Mars fiye da kima, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kuma tun ana tafiya an samu waɗanda suka lura lissafin hanya ba ya daidaita, maganarsu ce ba ta kai inda za a ɗauki mataki ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ya faru a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya ranar 27 ga Maris 1977, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Matuƙin jirgin KLM ya fara gudun tashi yana zaton an ba shi izini, alhali jirgin Pan Am bai bar titin ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya tambaya ko wancan jirgin ya kauce, aka amsa masa da "e" mai ƙarfi, bai ƙara cewa komai ba. Bayan hatsarin aka tsaurara ƙa'idar magana tsakanin matuƙa da hasumiyar da ke kula da sauka da tashin jirage. Kalmar "tashi" ba a furta ta sai lokacin ba da izini ko soke shi, kuma muhimmin umarni sai matuƙi ya maimaita shi don a tabbatar abin da ya ji shi aka faɗa. Aka kuma shiga horar da ma'aikatan jirgi yadda ƙarami zai ja hankalin babba, da yadda babba zai tsaya ya saurara. Maimaitawar da na raina a ofishin malama irin wannan ce.

Abin da ya fi yi mini ɗaci a kwas ɗin shi ne gane cewa wanda ya fi kowa himma yana iya zama shi ne ciwon rukunin. A rukunonin baya ni nake raba dare ina rubuta sassan wasu, ina kallon kaina a matsayin wanda aka cuta. An cuce ni ɗin, amma ni ma na yi ɓarna. Na rufe wa malami ido daga abin da ke faruwa, na koya wa abokaina cewa in suka yi jinkiri wani zai cike, kuma wanda bai iya ba amma yake son koyo na ƙwace masa damarsa. Ga kuma mamaye magana. Wani bincike da Anita Woolley da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science a 2010 ya gano cewa rukunin da mutum ɗaya ko biyu suka riƙe magana ba ya kai wanda ake karɓa-karɓa iya warware matsaloli, kuma basirar wanda ya fi kowa a rukunin ba ta da tasirin da ake zato. Hatta takardar kiyaye lafiyar majinyaci a ɗakin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, cikin abubuwa 19 da ke kanta akwai cewa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa. A asibitoci 8 da aka gwada ta, mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin 100. Ba faɗin suna kaɗai ya kawo wannan ba, amma na fahimci hikimar sa shi a ciki: wanda ya buɗe baki sau ɗaya aka saurare shi, buɗewa ta biyu za ta zo masa da sauƙi a lokacin da ya ga abin da bai yi daidai ba.

Ɓangaren rubutu na kwas ɗin ba zan daɗe a kansa ba. Imel ɗin farko da na rubuta, na neman izinin raba takardu a laburare, sakin layi 4 ne. Malama ta zagaye jimlar ƙarshe da jan biro, ta rubuta a gefe, "Fara daga nan." Mai karatu yana da nasa aikin a gabansa. Gaisuwa a taƙaice, sai me kake so, daga wurin wa, zuwa yaushe, dalili ya biyo baya. Abu ɗaya da ban yarda da shi ba a littafin da muka yi amfani da shi shi ne lissafin nan da ya cika littattafan sadarwa, wai kalmomi kashi 7 ne kacal na saƙo, murya 38, fuska 55. Alƙaluman daga gwaje-gwajen Albert Mehrabian na 1967 suka fito, kuma a kan abu ƙarami ne, wato yadda ake gane so ko ƙi idan kalma ta saɓa da murya ko fuskar mai faɗinta. Shi da kansa ya yi gargaɗi kada a shimfiɗa su a kan kowace irin magana. Ɗalibin da ya haddace wannan sai ya ƙarar da mako yana gyara tsayuwa da murmushi, ya bar kuskure kwance a jadawalinsa. Tsakanin "mako" da "wata" kalma ɗaya ce, kuma babu murmushin da zai gyara ta.

Abin da nake nema, ba zan ce "a yi" ba, shugabannin sassa da malaman da ke tsara kwas nake nufi. Su rage girman rukuni. Tsakanin mutum 4 hanyoyin magana 6 ne, mutum 5 suna da 10, mutum 10 kuwa 45, kuma duk wanda ya taɓa zama a rukunin mutum 10 ya san mutum biyu ne ke wa sauran aiki. Su ware mako biyun farko su koyar da abin da ake zaton ɗalibai sun zo da shi alhali ba su zo da shi ba: yadda ake raba aiki, yadda ake rubuta abin da aka yanke a zama, yadda ake gyara wa aboki ba tare da an ɓata ba. Su raba maki gida biyu, na rahoto wanda kowa ke da rabo a ciki, da na mutum shi kaɗai. Auna na mutum ba shi da wuya kamar da. Manhajojin rubutu tare irin Google Docs suna ajiye tarihin wanda ya rubuta me da kuma yaushe, kuma tambayar baki ɗaya ranar gabatarwa takan bayyana abin da rahoto ya rufe. Malamarmu kowa a kan sashen da ba nasa ba take tambayarsa, shi ya sa dole ka karanta aikin ɗan'uwanka da gaske.

Ina da shakku kan tsarin da ake ba ɗalibai fom a asirce su ba juna maki a ƙarshen zango. Abokai na rufa wa juna asiri, wanda ba shi da aboki a rukunin shi ke kwana ciki, kuma mai shiru irin namu, wanda ya fi kowa amfanar aikin, shi za a fi rage wa. Malamin da zai yi amfani da shi ya kawo shi tsakiyar zango, a gaban kowa, kuma ya jingina shi da abin da aka rubuta a takardun zama.

Saura mai "ba matsala". Shi ya fi kowa saurin amsa saƙo, kuma shi ne har ƙarshe bai kawo ko layi ɗaya ba. Sashen shawarwari ne nasa, sunansa na kan takarda, Litinin a gabansa. Litinin ta wuce. Da a da ne, da na rubuta sashen cikin dare na ja bakina na yi shiru. Wannan karon na tare shi bayan lakca, mu biyu kaɗai, na ce, "Ɗan'uwa, sashenka bai iso ba, kuma Litinin muka yi da kai. Me ya tsaya? In akwai inda ya shige maka duhu, mu zauna yau ɗin nan." Muryata har rawa take yi, don ban taɓa faɗa wa sa'ana irin wannan ba. Ya ce ba matsala, gobe. Muka ƙara masa kwana 3, muka rubuta a takardar zama yana kallo. Bai kawo ba. Muka raba sashen mu huɗu, muka miƙa rahoto tare da takardun zaman yadda suke, ba ƙari ba ragi. Makin da ya samu a aikin bai kai na wucewa ba.

Wasu a aji sun ce mun tona masa asiri, shi kuma bai sake yi mana magana ba har zango ya ƙare. Abin ya dame ni, har yau in na tuna yana damuna. Ban yarda mun yi kuskure ba, domin babu abin da muka rubuta a bayan idonsa, kuma sa sunansa a aikin da bai taɓa ba ƙarya ce da mu huɗu za mu sa wa hannu. Lokacin ne nake da-na-sani a kansa. A mako na 8 cikin 10 muka fara faɗa masa gaskiya, sai da aski ya zo gaban goshi. Daga baya na ji ashe aikin dare yake yi don ya biya kuɗin makaranta, kunya ta hana shi faɗa. Da takardar nan mai gida uku ta kasance tun makon farko, da akwai ranar da malama ke zama da kowane rukuni a mako na 3, da mun san halin da yake ciki yana da sauran mako 7 a gaba, da mun ba shi sashen da zai iya yi a ranakun da ba ya zuwa aiki.